Ƙafar da Ta Riga Kowa Shiga Gidan Kaka

Akwai wata safiya a Kuala Lumpur da ko tsufa ya kwashe mini tunani, na san ita za ta rage a kaina. Ba zan manta da ita ba har in koma ga Mahaliccina. Safiyar ce na ɗauki kular abinci na shiga gidan maƙwabtana da zuciya ɗaya, na jefa wata tsohuwa cikin fargabar da ta yi watanni tana cin ta, ni kuwa ina ta washe baki ina jin na yi abin kirki.

Ni 'yar kudancin Kaduna ce. Karatun digiri na uku ya kai ni Malaysia. Makarantarmu tana Jalan Semarak, ni kuma ina haya a Wangsa Maju, hawa na shida a wani dogon bene. Da korona ta zo aka kulle gari, yarinyar da muke zaune tare ta samu jirgi ta gudu gida, aka bar ni daga ni sai kwamfuta. Wanda ya san ni ya san wannan hukunci ne babba. Ni mai surutu ce ta bugawa a jarida, mamata takan ce ko barci nake yi bakina ba ya hutawa.

Ƙofar da ke kallon tawa ta wasu 'yan Vietnam ce. Matar gidan tana aiki a shagon gyaran farce a Setapak kafin a rufe shaguna. Mijinta injiniya ne, kamfaninsu ya tura shi Singapore ya maƙale a can, don in ya dawo sai an killace shi, aikin kuma ba zai jira shi ba. Sai mahaifiyarta, wata 'yar ƙaramar tsohuwa mai furfura a ɗaure a ƙeya, wadda ta zo ganin 'yarta na wata guda aka rufe iyakoki da ita. Ba ta jin Turanci, ba ta jin Malay. Ni na raɗa mata Kaka, ta kuwa karɓa, har in na kira takan amsa daga kicin.

Ranar da muka fara gaisawa sosai, tambayar farko da tsohuwar nan ta sa 'yarta ta yi mini ita ce shekaruna nawa. Na ce a raina, ikon Allah, ko sunana ba ta tambaya ba! Ashe a wurinsu ba a sanin yadda za a kira mutum sai an san wa ya girmi wa. Da aka gano na ba 'yarta shekara biyu, magana ta ƙare, na zama Yaya, ita kuma ƙanwata. Daga nan kwano ya fara yawo tsakaninmu. Saboda dokar kulle, a jikin ƙofar ƙarfe muke rataye wa juna, a ƙwanƙwasa a koma. Ni in rataye wake da shinkafa, su su rataye taliyarsu mai romo da ganyayyaki. Barkonona ya sa Kaka hawaye sau biyu, amma ba ta taɓa dawo mini da kwano wayam ba.

A hankali ta fara gyara mini zama. Wata rana na miƙa mata leda da hannun dama, yadda aka koya mana a gida, sai ta kamo hannuna na hagu ta haɗa da na daman, sannan ta karɓa da nata hannu biyu tana ɗan sunkuyar da kai. Na gane. Babba da hannu biyu ake ba shi abu. Na koyi cire takalmi tun daga waje, na koyi fara gaida ita kafin 'yarta, na koyi cewa in an zauna cin abinci ba a kai loma baki sai an yi wa babba bismillah ya fara. Da na haddace waɗannan sai kaina ya kumbura. Na ɗauka na gama sanin 'yan Vietnam.

A farkon shekara ta biyu ta korona mamata ta rasu. Ba jirgi, ba hanya. A waya na kalli jana'izarta, ƙanena yana riƙe da wayar, hoton yana yankewa yana dawowa. Da aka fara zuba ƙasa na kurma ihun da ban san ina da shi ba. Ban san lokacin da Kaka ta shigo ba. Na dai ji hannu a bayana yana shafawa. Ta karya dokar kulle, ta zo da takunkuminta a fuska da kwanon fate-faten shinkafa mai citta, ta zauna a ƙasa kusa da ni tana ta magana a yarenta. Ban san kalma ɗaya daga abin da ta faɗa ba, amma na ji ta sarai. Kwana uku tana zuwa, sai ta ga na cinye take tafiya. Tun daga ranar na sa tsohuwar nan a inda mamata ta bari.

A lokacin ƙanwata tana da ciki wata biyar, da shi mijin ya tafi ya bar ta. Wannan ne na uku, biyun farko duk sun zube. Kaka tana lallaɓa ta kamar ƙwai, ko tsintsiya ba ta bari ta ɗaga. Duk abin da ake yi a gidan nan, saboda cikin ake yin sa.

Bayan rasuwar da 'yan makonni na ga gidansu ya ɗauki harama. Ana wanke tagogi, an kawo tukunyar furanni rawaya an ajiye a bakin ƙofa, Kaka ta yini tana naɗe shinkafa mai danƙo da nama a cikin ganye tana ɗaurewa, kamar yadda muke ƙulla alala. Ƙanwata ta ce sabuwar shekararsu ce ta zo, Tet suke ce mata, kuma ba su da bikin da ya kai ta. Iyakar abin da na ji ke nan. Ban tambayi komai ba, don a ganina biki ai biki ne.

A garinmu, ranar Kirsimeti da sassafe ake fitar da abincin maƙwabta. Mamata takan tashe mu tun zakara bai yi cara ba, tana faɗa tana cewa kada kwanon wani gida ya riga namu isa. A wurinta, wanda kwanonsa ya fara shiga gidanka shi ne ya fi ƙaunarka. To ni wa nake da shi a duk Malaysia da ya wuce Kaka? Ranar bikin na tashi da asuba na dafa dafa-duka da kaza, na rage barkono saboda ita, na cika gwangwani da cincin. Tun rasuwar mamata ban yi kwalliya ba, ranar na ji ina so. Na ciro farin leshina na zuwa coci, na ciro farin ɗankwalin da mamata ta cire daga kanta ta ba ni ranar da zan taho. Na kafa ɗauri na gani na faɗa. Na dubi madubi na ce, yau Kaka za ta san tana da 'ya.

Da na fito wajen ƙarfe bakwai, sai na tarar da ƙofarsu a buɗe wangamgam, ta ƙarfen da ta katakon duka, ƙamshin turaren tsinke yana fitowa. Na ce ka gani, har sun buɗe wa baƙi. Abincin biki kuwa ba a rataye shi a ƙofa kamar na almajirai, shiga ake yi a miƙa. Na cire takalmina a waje, na riƙe kula da hannu biyu yadda aka koya mini, na taka cikin falon ina ɗaga murya, “Kaka! Barka da sabuwar shekara!”

Ta fito daga kicin da murmushi, cikin doguwar riga ja, riƙe da faranti mai ƙananan kofunan shayi. Tana ganina murmushin ya mutu. Ta dubi ƙafata a kan tayil ɗinta, ta ɗago ta dubi kaina, sannan ta juya ta dubi cikin 'yarta. Ƙanwata tana zaune a kujera, ta sa hannu ta rufe baki. Abin da ta iya cewa kawai shi ne, “Yaya...”

Ina tsaye tsuru-tsuru sai ga wani mutum a bayana, ɗan ƙasarsu da ke zaune a hawa na tara, ya sha jar riga, ya riƙo lemo da jajayen ambulan. Ya zo da fara'arsa zai shiga, ya gan ni a ciki, ya ja birki a bakin ƙofa. Kaka ta ajiye farantin, ta zo ta karɓi kulata da hannu biyu, don ko a wannan hali ba ta yar da ladabinta ba. Ta ajiye, ta wuce gaban ɗan teburin da suke ajiye hotunan iyayensu da suka rasu, ta kunna turare, ta ba ni baya.

Ƙanwata ta taso ta riƙe hannuna ta rako ni waje. Ta ce, “Yaya, ki je gida, don Allah. Zan kira ki.”

Da la'asar ta kira. Ta ce a wurinsu, mutumin da ya fara taka cikin gida a sabuwar shekara shi ne yake shigo da rabon gidan na shekarar gaba ɗaya. Ba a barin abin ga sa'a, zaɓen mutum ake yi. Mamarta ta yi wata guda tana bincike kafin ta samu mutumin hawa na tara: shekarar haihuwarsa ta dace da ta maigidan, lafiyarsa ƙalau, matarsa ta haifi uku duk suna raye. Saboda shi aka buɗe ƙofa. Sannan ta ce wanda aka yi wa rasuwa ba ya shiga gidan kowa a kwanakin nan, shi da kansa yake kama kansa ya zauna a gida. Farin ƙyalle a ka kuwa, ranar jana'iza suke ɗaura shi.

Na dafa kaina na ji ɗankwalin mamata yana nan. Na ce, “Amma ke ai kin yi boko, kin yarda da wannan?”

Ta ce, “Yaya, da can dariya nake yi wa Mama. Amma na rasa biyu. Yanzu ban san abin da na yarda da shi ba, tsoro kawai nake ji.”

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba. Kunya ce ta fara kama ni, amma ba ta daɗe ba fushi ya ture ta. Na tuɓe ɗankwalin na yi jifa da shi a kan gado. Ni da na tashi da asuba? Ni ce mai farar ƙafa? Har na fara raya wa kaina cewa don ni baƙar fata ce. Na ɗauki waya na kira wata Anti 'yar Jos da ke zaune a Bukit Jalil, ita ce uwar zumuntar matan cocinmu, ta fi shekara goma a ƙasar. Na zazzage mata komai, na rufe da cewa camfi ne kawai, mutane suna zaune cikin duhu.

Ta bar ni na gama tsaf. Sannan ta ce, “'Yata, in tambaye ki. Mamarki da ta rasu, Allah ya ba ta hutawa, tana barin a tsallake ƙafar mai ciki?”

Na tuna ranar da na tsallake ƙafar matar yayana tana zaune a tabarma, mamata ta bi ni da muciya har waje, ta sa na dawo na tsallake da baya. Mamata kuwa ba ta fashin coci.

Anti ta ce, “To ita a cikin duhu take? Tsoro ne na uwa, ba shi da yare. Matar nan ta shigo ɗakinki lokacin da kowa ke gudun kowa, ta ba ki abinci a baki, yau ke ce za ki ce tana ƙin fatarki? Kin tambaye su yadda suke bikinsu kafin ki kwashi ƙafa? Ba ki tambaya ba. Rawar kanki ce ta kai ki. Ki bari kwanakin bikin su wuce, ki je ki ba da haƙuri, kuma kada in ji kin yi wa'azi.”

Na yi kuka ranar, na takaicin kaina. Bayan kwana huɗu na sayi 'ya'yan itace a ɗan shagon da ke ƙasan benenmu, na sa riga mai launi, na tsaya a waje ban matsa kusa da dokin ƙofa ba. Na rubuta ban haƙurina a waya ta juya mini shi zuwa yarensu, na miƙa wa Kaka da hannu biyu. Ta karanta a hankali, ta gyaɗa kai, ta shiga ta fito mini da kulata. Ba wayam ba, ta sa mini ƙullin shinkafar nan guda biyu. Amma ba ta ce in shigo ba, idonta kuma bai zauna a nawa ba.

Haka muka yi wata biyu. Kwano bai daina yawo ba, sai dai ba dariya a tare da shi. Ba wanda ya hana ni shiga, ni na yi wa kaina alkawari cewa ƙafata ba za ta sake taka gidan nan ba sai an haihu lafiya. Ni Kirista ce, na san ƙafata ba ta da ikon kashewa ko rayawa. Amma in na jiyo ƙanwata ta yi tari daga gidansu sai gabana ya faɗi. Kullum addu'ata ɗaya ce: ya Ubangiji, ka raya abin da ke cikin nan, kada ka bar tsohuwar nan ta tuna da ni a kan gawa.

Wata rana da azahar, ana ruwan nan na Kuala Lumpur mai kama da an kifar da tanki, ina kan kiran bidiyo da malamin da ke duba aikina, sai na ji ana jijjiga ƙofata kamar za a ɓalle ta. Kaka ce, ba takalmi, ba takunkumi, gashinta a warware, hannunta da jini. Ban ko yi wa malamin sallama ba. Na bi ta a guje, muka tsallaka barandar, ina isa bakin ƙofarsu ƙafata ta ƙi gaba. Wallahi ban shirya hakan ba, jikina ne ya tsaya da kansa. Ina hango ƙanwata a ƙasa a bakin bayi tana nishi, ni kuma na kafe a waje ina tunanin kada in ƙara a kan abin da na riga na yi.

Kaka ta juyo ta gan ni. Ta dubi ƙafata, ta gane. Ta daka mini wata tsawa a yarenta, ta cafki wuyan hannuna ta fizgo ni ciki, har na yi tuntuɓe. Ban san 'yar tsohuwar nan tana da ƙarfi haka ba. Sai da na kwana biyu da shatin yatsunta a hannuna.

Cikin wata bakwai ne, ga jini. Na kira motar asibiti aka ce sai mun jira, duk suna kan masu korona. Na kira mota ta waya, Allah ya haɗa mu da wani dattijo Bamalaye. Na ciccibi ƙanwata a baya har cikin lif, Kaka tana tallafe da ƙafafunta, a mota na kwance zanina na shimfiɗa mata. Direban ya ga halin da muke ciki bai yi ƙorafin kujerarsa ba, ya ce, “Boleh, boleh,” wato ba damuwa, mu shigo, ya taka mota cikin ruwan nan.

A asibiti suka ce mutum ɗaya kawai zai bi ta zuwa wurin rajista, shi ma daga nan ba zai wuce ba. Na ja baya don uwa ta shiga. Kaka ta sa hannu biyu a bayana ta tura ni gaba, tana nuna bakinta tana girgiza kai. Ita ba za ta iya yi musu bayani ba. Na faɗa wa nas watannin cikin, da ɓari biyun da aka yi, da lokacin da jinin ya fara. Ta ɗago ta tambaye ni, “Ke wace ce a wurinta?” Na ce, “Yayarta ce.” Ta dube ni baƙa wuluk, ta dubi ƙanwata fara tas a kan gadon turawa, ta sake dubana. Sai ta rubuta.

Aka shiga da ita tiyata. Ni da Kaka muka zauna a wani benci a waje ƙarƙashin rumfa, ruwa yana feso mana. Na kira mijin na gaya masa, yana kuka a waya kamar yaro. Kaka ta ciro carbinta na katako tana ja tana motsa baki, ni kuma ina rera waƙoƙin cocinmu na Hausa ƙasa-ƙasa, duk wadda ta zo bakina. Can na kasa daurewa, na juya na ce mata da Hausa, “Kaka, in wani abu ya faru, ki yafe mini. Ban sani ba ne.” Ba ta ji ko kalma ɗaya ba. Ta ɗauki hannuna ta ɗora a cinyarta ta danne da nata, ta ci gaba da jan carbi da ɗayan.

Kafin magariba wayata ta yi ƙara. Uwa tana raye. An ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, tana numfashi, an sa ta a kwalba. Na rasa yadda zan gaya wa Kaka, sai na haɗa hannuwana kamar ina jijjiga jariri ina tsalle ina cewa, “Tana nan! Tana nan!” Tsohuwar nan ta sulale daga benci ta durƙusa a kan siminti mai ruwa. Ni ma na bi ta. Masu gadi suna kallonmu, ko a jikinmu.

Bakwainin nan ta yi makonni a kwalba tana wasa da hankalinmu, yau a ce ta ƙara nauyi, gobe a ce ta ƙi shan nono. Ni nake raka uwar kai nonon da ta tatsa. Ranar da aka sallamo ta, na rako su har bakin ƙofa na tsaya daga waje don sabo. Kaka ta harare ni, ta nuna ƙasan falon da yatsa, irin nunin da ake yi wa yaro mai taurin kai. Na cire takalmi na shiga.

Da shekara ta zagayo, saura mako guda Tet, aka ƙwanƙwasa mini ƙofa. Su duka ne: ƙanwata da jaririya a kafaɗa, mijinta da ya samu ya dawo, da Kaka a gaba ta sha kwalliya. Ta miƙo mini wani ƙunshi da hannu biyu. Ni ƙarama, ita babba, amma da hannu biyu ta ba ni. Na buɗe na ga jan ƙyalle mai santsi, daidai ɗankwali.

Ƙanwata ta ce, “Mama ta ce ke za ki fara shiga gidanmu bana.”

Na ce, “Rufa mini asiri! Ni? Ba ke kika ce mini makokin uwa a wurinku yana wuce shekara ba? Ai ban fita ba tukuna. Ku kira mutumin hawa na tara.”

Ta ce, “Na tuna mata, ta ce ta fi ni sani. Ta ce bara ta yi lissafinta ta zaɓi ƙafa, aka aiko mata da wata. Ƙafar da ta fara shiga gidan nan ita ce ta goya 'yarta zuwa asibiti. Ta ce ba ta canzawa.”

Kaka ta ƙara wata magana tana nuna kaina, mijin ya fashe da dariya. Ƙanwata ta ce, “Ta ce amma in kika sake ɗauro mata fari, da tsintsiya za ta kore ki.”

Wannan karon kam na yi tambaya har sai da suka gaji da ni. Ƙarfe nawa zan zo? Me zan riƙo? Me zan ce, wa zan fara gaya wa? Na kwana shida ina haddar gaisuwar shekara a yarensu, ina karya harshe, ƙanwata tana riƙe ciki don dariya. Ranar na kafa jan ɗankwalina, na sa ɗan abu a jar ambulan saboda jaririya, na tsaya a bakin ƙofa sai da Kaka ta yafito ni. Na taka na shiga. Na gaishe ta da gurɓataccen yarena, na yi mata fatan tsawon rai, na yi wa gidan fatan lafiya. Ta ɗauko jikarta, wadda ta yi ɓul-ɓul har tana neman tsayawa, ta ɗora mini a hannu. Yarinyar ta kai hannu ta cafke ɗankwalin ta warware mini ɗaurin da na ɓata rabin awa ina yi.

A nan ne mamata ta faɗo mini a rai, ita da kwanonta da ba ta yarda a riga shi. Idona ya cika. Kaka ta gani, ta matso ta mintsine ni a dantse da ƙarfi, tana girgiza yatsa. Ƙanwata ta ce, “Ba a kuka yau, Yaya, sai ki ja mana kukan shekara.” Na haɗiye abina na yi dariya, hawayen suka koma inda suka fito.

Da aka buɗe iyakoki Kaka ta koma ƙasarta, ni ma na gama karatu na dawo gida. Amma duk safiyar Tet ƙanwata takan turo mini saƙo cewa tsohuwa ta hana kowa taɓa waya, tana jiran kirana ya fara shiga. Nakan ɗaura jan ɗankwalin in kira, ta yi yarenta in yi Hausata, mu rabu kowa ya ƙoshi.

Abin da safiyar nan ta koya mini shi ne, kyakkyawar niyya ba ta isa ta zama izinin shiga gidan mutane ba. Na ɗauka tunda zuciyata fari ce, duk abin da ya yi kyau a garinmu zai yi kyau a ko'ina, ashe abin da yake ƙauna a ƙofar mamata shi ne abin tsoro a ƙofar Kaka. Tambaya ɗaya da na yi, da na hutar da tsohuwar nan fargabar wata biyu. Yanzu duk inda na je baƙunta, ko a Vietnam ne ko a unguwar da ke bayan tamu, nakan tsaya a bakin ƙofa in ce, “Yaya kuke yi a nan?” Kuma ban ƙara kiran tsoron wata uwa camfi ba, tunda na ga wadda ta ajiye nata tsoron ta fizgo ni ciki da hannunta.